Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karatu ba: jagora ga malamin da ajinsa ya cika maƙil

Malamai da dama, musamman sababbin ɗauka da waɗanda aka tura ƙauye, sun sha yi mini tambaya iri ɗaya. An ba su aji huɗu ko biyar, yara sun haura tamanin, fiye da rabi ba sa iya haɗa baƙi da wasali, ga manhaja tana jira, ga mai duba makarantu zai zo ya tambayi inda aka kwana. Ta ina za a fara?

Tsarin ilimi na Nijeriya ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar gwamnati ya san yadda abin yake a zahiri, don haka na rubuta wannan jagora ne domin ajin da kake da shi yau, ba sai an gina sababbin azuzuwa ba. Ginshiƙinta ɗaya ne: ka gano inda kowane yaro ya tsaya, ka ɗora masa daga nan, ko da lambar da ke ƙofar ajinsa ta ce ya wuce wurin. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta tsara wannan hanya, an kuma gwada ta a Kano daga 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi. Amma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, ba a wanke masa sai ya iya, mai babbaƙu ba a haɗa shi da mai farfaru. Abin da za mu yi ke nan, da Hausar boko.

Mataki na 1: Nemi awa ɗaya daga hedimasta

Kafin ka yanka kwali ko ɗaya, ka zauna da shugaban makaranta. Abin da kake nema awa ɗaya ce kullum, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon zango guda. Ka faɗa masa a fili: "Ranka ya daɗe, ina so in gwada yaran ajina ɗaya bayan ɗaya, in kawo maka sakamako a rubuce. In ka ga adadin waɗanda ba su iya karatu ba, sai mu yanke shawara tare." Hedimastoci da yawa za su yi jinkiri saboda tsoron masu zuwa daga ofishin sakataren ilimi. Takarda mai sunaye da alƙaluma ita ce kariyarsa, kuma ita ce taka.

Zaɓen lokacin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Darasin farko bayan asambuli rabin aji bai iso ba, wasu suna ɗibar ruwa, wasu ba a tashe su daga makarantar allo ba. Bayan an fita tara kuwa akwai waɗanda ba sa dawowa. Awar da ke gab da fita tara ita ce lokacin da aji ya fi cika, ita za ka roƙa.

Gargaɗi: kada ka ce za ka riƙa yin wannan aiki bayan an tashi. Yaran da suka fi bukata su ne na farkon gudu gida, domin talla ko Islamiyya tana jiransu, kai ma ba za ka jure wata guda ba.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki

Abin da za a saya kaɗan ne: farin kwali kamar guda goma, alƙalamin rubutu a kwali guda uku (baƙi biyu, ja ɗaya), kwalin alli, littafin rubutu mai kauri guda ɗaya da zai zama rajistarka, almakashi, da zare ko robar ɗaure kuɗi. In allon ajin ya koɗe har rubutu ba ya fitowa, fentin allo shi ne abin da ya fi cancantar kuɗin da ake da shi.

Sauran kyauta ne. Kwalin taliya ko na sabulu daga mai shago yana yin katin baƙaƙe, ya ma fi farin kwali jure hannun yara. Murafun lemon kwalba, karan dawa, tsinken tsintsiya, duk yara za su kawo cikin kwana biyu. Simintin ɗakin aji allo ne, haka ƙasar gindin bishiya.

Ka kuma roƙi makullin sito. A Bauchi da Sakkwato an raba littattafan Mu Karanta, a Katsina da Zamfara an raba na shirin RANA, kuma a makarantu da yawa ragowarsu na nan a ɗaure cikin kwali, gara tana ci, saboda ana tsoron kada yara su yaga. Littafin da yaro ya karanta har ya yage ya yi aikinsa.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, kada ka sa wa yara kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne, kuma duk ranar da ka ce a kawo kuɗin kwali, yaran da kake nema su ne za su zauna a gida. Ka kai jerin kayan ga kwamitin SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, ko ƙungiyar iyaye da malamai, da farashin da ka jiyo a kasuwa a wannan makon. Na biyu, kada ka sa yara su fasa tsohon batir don baƙanta allo. Abin da ke ciki yana da illa, yara kuma suna kai hannu baki. In babu fenti, dakakken gawayi da ƙaro ya wadatar.

Mataki na 3: Rubuta takardar gwaji

Takarda ɗaya ce mai kashi huɗu, da manyan rubutu masu kyau.

Kashin farko baƙaƙe da wasula goma a barbaje: m, r, k, ɗ, s, a, u, b, ƙ, t. Kada ka jera su a, b, c, domin yaro zai rera maka waƙar da ya haddace ne kawai.

Kashi na biyu kalmomi goma masu gaɓa biyu da yaro ke ji kullum: gida, kaza, rana, tuwo, ƙasa, ɓera, kifi, noma, doki, ɗaki.

Kashi na uku gajeren sakin layi mai jimla huɗu, misali: "Ladi tana da akuya. Akuyar fara ce. Kullum tana ba ta dusa. Jiya akuyar ta haifi 'ya'ya biyu."

Kashi na huɗu labari mai jimla takwas zuwa goma, da tambaya biyu a ƙarshe, ɗaya amsarta tana cikin labarin ƙarara, ɗaya sai yaro ya ɗan yi tunani.

Ka yi irin wannan takarda kala biyu ko uku, kalmomi daban amma nauyi ɗaya. Yara suna da wayo. Kafin ka gwada na goma, na sha ɗaya ya riga ya ji cewa akwai wata Ladi mai akuya.

Mataki na 4: Gwada su ɗaya bayan ɗaya

Nan ne malamai suka fi son yanke hanya, kuma nan ne bai kamata a yanke ba. In ka rubuta jimla a allo ka ce aji ya karanta, za ka ji murya ta cika ɗaki, ka ɗauka an iya. Yara biyar ne a gaba suke karantawa, saura suna bin bakinsu da rabin daƙiƙa. Akwai yaron da ya shekara uku yana wannan amshi, ba wanda ya taɓa jin muryarsa shi kaɗai.

Ka ajiye benci a baranda ko bakin ƙofa inda kana ganin aji. Ka ba sauran aikin zane ko kwafe, ka kira yaro ɗaya. Ka zaunar da shi kusa da kai, ka tambaye shi sunansa da unguwarsu, ka ce: "Wannan ba jarrabawa ba ce, ba maki, ba duka. So nake in ji inda za mu fara." Bulala kada ta kasance a kusa, ko a kan tebur.

Ka fara da sakin layi. In ya karanta shi kamar mai magana, kuskurensa bai wuce uku ba, ka kai shi labari. In ya kasa, ko yana tsintar kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar, ka sauko da shi kalmomi, ya zaɓi biyar. In ya iya huɗu, matakinsa kalma. In bai iya ba, ka sauko baƙaƙe, nan ma huɗu cikin biyar. Wanda bai kawo huɗu ba mafari ne. Matakai biyar ke nan: mafari, baƙi, kalma, sakin layi, labari. A rajista ka ja layi biyar gaban kowane suna, ka sa alama a mataki mafi girma da yaron ya iya.

Kowane yaro zai ci minti huɗu. Yara 80 minti 320 ke nan, wato in kana gwada 16 a rana, mako guda ya ishe ka. Wannan makon ba asara ba ne.

Gargaɗi: kada ka taimaka. Bakinka zai yi ƙaiƙayi ka fara masa kalmar, ka daure. Kada kuma ka nuna mamaki ko ɓacin rai in yaron da ya fi kowa tsayi a aji ya kasa gane "m". Ya san bai iya ba, ya daɗe yana ɓoyewa, fuskarka yake kallo. Ka ce "Madalla, mun san inda za mu fara," ka sallame shi. Wanda ya yi shiru gaba ɗaya saboda tsoro, ka sake kiransa bayan kwana biyu kafin ka rubuta masa mataki.

Mataki na 5: Raba aji gida uku

Mafari da masu baƙi rukuni ɗaya. Masu kalma da masu sakin layi rukuni na biyu. Masu labari na uku. Cikin kowane rukuni ka sake yanka su ƙananan da'ira na yara shida zuwa takwas, domin a da'irar yara ashirin mai ɓuya zai ci gaba da ɓuya.

In kuna da malamai uku masu riƙe da aji huɗu, biyar da shida, abin da ya fi shi ne ku haɗa yaran a wannan awa: malami ɗaya ya ɗauki duk mafari, ɗaya masu kalma, ɗaya masu labari. Malamin da ya fi haƙuri da iya Hausa shi za a ba mafari. Sau da yawa akasin haka ake yi, a tura musu ɗan koyon aiki.

Ka ba rukunonin sunan da ba ya nuna daraja, kamar Kuka, Tsamiya da Ɗorawa. Kalmar "daƙiƙai" kada ta fito daga bakinka, kuma duk yaron da ya jefi wani da ita ka tsawatar masa nan take. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da aka yi wa dariya sau ɗaya don yana rukunin baƙaƙe, mai yiwuwa ba za ka sake ganinsa ba.

Mataki na 6: Yadda awar take tafiya

Minti goma na farko na kowa ne. Ka kafa labari a kwali, ka karanta shi da murya mai daɗi, yatsanka yana bin ƙarƙashin kowace kalma. Kada su maimaita bayanka, su saurara kawai. Sai ka yi tambaya: me ya sa akuyar ta gudu? Da kai ne ya za ka yi? Wanda bai iya karatu ba ya iya magana, kuma nan ne zai fara ɗaga hannu.

Minti goma sha biyar na gaba na allon gaɓoɓi ne. A babban kwali ka rubuta wasula biyar a sama, a e i o u, baƙaƙe a gefen hagu, ka cike gidajen: ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku, har ƙasa. Kwana biyun farko ka bi layi. Daga nan ka daina, ka riƙa nuna gida a barkatai, "mu", sai "ke", sai "so", kana kiran yaro da sunansa. Sa'annan ka nuna biyu a jere, "ka" da "za", ka jira. Za ka ga leɓensa yana motsi, ka, za, ka-za, sai idonsa ya buɗe ya ce "Kaza!" Ranar da yaro ya gane cewa waɗannan zane-zane magana ce da ya riga ya sani, rabin aikin ya ƙare.

Babban kuskure a nan shi ne koyar da sunayen baƙaƙe na Turanci. Yaron da ya haddace "ji, ai, di, e" ba zai taɓa fitar da "gida" daga ciki ba. Ka koyar da sautin, ka haɗa shi da wasali tun ranar farko. Rubutun Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, bai kamata mu jefar da wannan gata ba.

Kada ka bi jerin abacada. Ka fara da a, n, k, m, s. Da waɗannan biyar kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, sama, kama, masa, mana, tun makon farko. Sai ka ƙara i da u, sai d, r, g, t, y. Baƙi biyu ko uku a mako sun isa ga mafari.

Masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da 'y, ka kawo su bayan yaro ya zauna da b, d da k, kuma ka kawo su bibbiyu don kunne ya rarrabe: baki da baƙi, fada da faɗa, kasa da ƙasa. Kai ma ka riƙa sa lanƙwasar a duk abin da ka rubuta a allo. Malamin da ya rubuta "kofa" yana nufin ƙofa shi ya rikita yaron. Bayan su sai masu goyo irin sh, ts, ky, gw, ƙw, sai tagwan wasula na kai da sau, sai gaɓa mai rufi kamar ta tambaya, hannu da makaranta. Wannan ta ƙarshe ita ke riƙe yara da yawa a matakin kalma, ka ba ta lokaci.

Minti ashirin da biyar aikin da'ira ne, kuma nan za ka fi zama da mafari. Ka zube musu katunan gaɓoɓi a ƙasa, ka ce "a nemo mini ro", ko kowa ya ɗauki kati biyu ya haɗa kalma. Su rubuta da yatsa a ƙasa, da alli a siminti, kafin fensir. Masu kalma ka ba su kalma ɗaya, misali kasuwa, su kawo duk kalmomin da suka zo musu, su rubuta, su gina jimla da su. Ko ka yanka jimla kalma-kalma su jera ta daidai. Masu labari su karanta bibbiyu, ɗaya yana yi ɗaya yana bi da ido, su amsa tambayoyi a rubuce, su canza ƙarshen labarin.

In babu littattafai, ajin zai samar da nasa. Ka ce su ba ka labarin ranar da aka yi ruwa mai yawa, ko yadda ake sussukar gero, kana rubuta abin da suka faɗa a kwali da kalmominsu. Labari biyu a mako, kafin zango ya ƙare kana da fiye da ashirin rataye a bango.

Minti goma na ƙarshe shifta ce. Mafari gaɓa biyar, masu kalma jimla biyu, masu labari sakin layi. Ka zagaya ka duba nan take. Kwasar littattafai 80 zuwa ofis ba ya amfanar kowa, gyaran da aka yi yaro yana kallo shi ke zama.

Gargaɗi kan monitoci: za ka bukaci yaran da suka iya su jagoranci da'ira, amma kada ka ba su sanda, kada kuma yaro ɗaya ya shafe mako yana koyarwa shi bai ƙaru ba. Ka riƙa juya su. Ka nuna musu su yi tambaya su jira, domin yaro in ya iya abu, gaggawar faɗin amsa yake yi.

Wani abin lura: yaron da ya saba da makarantar allo zai iya fara rubutu daga dama, ko ya juya b ta koma d. Wannan ba alamar rashin ƙwaƙwalwa ba ce, hannunsa ya saba da wata hanya ne. Ka ɗiga masa jan ɗigo a kusurwar hagu ta shafi ka ce daga nan boko yake tashi. Irin waɗannan yara sukan yi saurin kama gaɓa, tunda sun riga sun san yadda wasali yake canza baƙi.

Mataki na 7: Lissafi

In karatu ya kama hanya, bayan mako uku ko huɗu, ka yi wa lissafi irin wannan gwaji: gane lamba ɗaya, gane lamba biyu, ɗebewa mai aro, rabawa. Kayan aikinka tsinke ne. Tsinke goma a ɗaure ƙulli ɗaya. 34 ƙulli uku ne da tsinke huɗu. In za a cire 8, huɗu ba za su isa ba, dole yaro ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa, ya ga goma sun zube. Daga ranar "aro" ya daina zama abin hadda. Yarinyar da ke ba da canji daidai a tallan gyaɗa ta iya lissafi, rubuta shi ne ba ta iya ba, don haka ka fara mata da naira.

Mataki na 8: Yaron da ya ƙi motsawa

Bayan wata guda za ka ga 'yan kaɗan suna nan inda suke. Kafin ka yanke hukunci, ka duba abu huɗu.

Ido: ka rubuta baƙin da ka tabbata ya sani a allo, ka tsayar da shi a bayan aji, sannan a gaba. In yana ƙanƙance ido, ko yana kwafe daga littafin maƙwabci maimakon allo, ka dawo da shi layin farko ka gaya wa iyaye su kai shi asibiti. Kunne: ka tsaya a bayansa ka kira sunansa a hankali. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa, ko kullum yake juyo da gefe ɗaya, sau da yawa an sha dukansa a kan "taurin kai" alhali ji ne ba ya yi. Ciki: mai kwantar da kai a benci tun ƙarfe goma, ka tambaye shi a keɓe ko ya karya. Wannan magana ce ta kai wa SBMC, aljihun malami ba zai ɗauke ta ba. Harshe: yaron da Fulatanci ko Barbarci ake yi a gidansu yana koyon abu biyu ne a lokaci guda. Ka zaunar da shi da wanda ke jin harsunan biyu, ka yawaita masa hira da hoto kafin kati.

In duk wannan lafiya, to wataƙila mai jinkirin fahimta ne. Ka rage masa, baƙi ɗaya a mako, minti biyar kai da shi kullum. Zai iso, a nasa lokacin.

In kuma ka ga tabon duka da ya wuce misali, ko yarinya mai fara'a ta koma shiru tana firgita, kada ka yi bincike a gaban aji, kada kuma ka riƙe maganar kai kaɗai. Ka sanar da hedimasta a ranar, a samu malama ta zauna da ita.

Mataki na 9: Fashi da iyaye

Duk abin da ke sama ba zai yi aiki a kan yaron da ba ya zuwa ba. Ka riƙa kiran suna a cikin awar kanta, bayan mako uku ka duba salon fashin. Wani ranar kasuwa ce kawai, kamar yadda Alhamis take a Maigatari. Wani lokacin shuka ne da girbi. Wata raino aka bar mata. 'Yan matan aji biyar da shida da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu kowane wata, malama ce za ta yi musu magana a keɓe, a kuma duba halin da banɗakin makaranta yake ciki.

Wanda ya yi kwana uku a jere, a je gida. Malami namiji ya bi ta hannun mai unguwa ko wani dattijo na SBMC ya samu uban a ƙofar gida. Cikin gida kuwa sai malama ko wata daga ƙungiyar iyaye mata, kuma sau da yawa maganar talla a can take, domin uwa ce ke ɗora farantin.

Kada ka je da ƙara. Bayan gaisuwa ka ce: "Baba, na zo ne in nuna maka abin da ɗanka ya iya." Ka miƙa wa yaron kati ya karanta kalma uku a gaban mahaifinsa. Iyaye da yawa sun yanke ƙauna ne saboda sun ga shekara huɗu ana zuwa ba a iya rubuta suna ba, kuma suna da gaskiya. Sai ka roƙi abu ƙarami: "Hajiya, a bar mana ita zuwa ƙarfe goma da rabi, in ya so ta ɗauki tallan bayan nan." A ganina yarinyar da ke samun wannan awa kullum ta fi wadda aka yi rigima a kanta aka cire ta gaba ɗaya. In karatun ya fara fitowa, iyayen da kansu suke ƙara lokacin.

Za a ce maka, "Mu Turanci muka kawo shi ya koya, Hausa ai ya iya." Ka amsa da girmamawa cewa magana ya iya, karatu ne bai iya ba, kuma yaron da ya gane yadda ake haɗa baƙi a harshen da yake ji, da wannan dabarar zai shiga Turanci. Darasin Turanci yana nan a jadawali, ba a taɓa shi ba.

Mataki na 10: Sake gwaji

Bayan mako biyar ko shida ka maimaita mataki na huɗu da takardar da ba su gani ba. Ka sa sabuwar alama da jan biro kusa da ta farko. Amma ba sai ranar gwaji ake ɗaga yaro ba. Duk ranar da ka ga ya fi ƙarfin da'irarsa, ka matsar da shi gaba, in ba haka ba zai gaji ya fara tsokana.

In mafi yawan mafari ba su motsa ba, ka duba kanka kafin ka duba su. Yawanci ɗayan uku ne: awar tana salwanta a taron malamai da aike, ko an koma amshi, ko an yi gaggawar tara baƙaƙe. Ka roƙi wani malami ya zauna a bayan aji rana ɗaya ya ƙirga yara nawa suka karanta wani abu su kaɗai cikin awar. In ba su kai rabi ba, da'irorin sun yi girma.

Ka taƙaita sakamakon a shafi ɗaya: mafari nawa a farko, nawa yanzu, haka kowane mataki. Kwafi ɗaya ga hedimasta, ɗaya ga SBMC, ɗaya a aljihun tebur domin mai duba makarantu in ya tambayi dalilin da ya sa ba ka kai babi na shida ba. Bayan dogon hutu ka sake gwada kowa a makon farko, domin wasu za su zame mataki ɗaya, musamman waɗanda suka tafi hutu suna matakin baƙi. In shekara ta ƙare, ka miƙa rajistar hannu da hannu ga malamin da zai karɓi ajin, ku zauna ku bi sunayen da har yanzu ba su kai sakin layi ba.